Gurbin da ke Ƙarƙashin Sitiyari

Wanda ya san unguwar Kudai ta Makka a yau, da hayaniyar motoci da shaguna, da wuya ya yarda an yi lokacin da in ka tsaya a wurin da tsakar rana ba abin da za ka ji sai numfashinka. Duwatsu ne baƙaƙe, da 'yan bukkokin garwa da Hausawa suka kakkafa a gindinsu, da awaki masu cin tsumma. Can ƙarshen bukkokin, inda hanya ta gaji ta tsaya, akwai wata mota da ba ta zuwa ko'ina. A cikinta Sabo kafinta yake zaune da matarsa Rabi'atu.

Sabo ba haifaffen Makka ba ne. Daga wani ƙauye na ƙasar Kano aka goyo shi, kuma kafin su ga teku ya fara gashin baki. Haka tafiyar take a wancan zamani: a yi noma nan, a tsinci auduga can, a binne wanda ya gaza, a ci gaba. Ubansa a Sudan aka bar shi. A Sawakin, suna jiran jirgi, Sabo ya shiga hannun masu gyaran jiragen katako, ya koyi abu biyu da suka bi shi har ƙarshen zamansa. Na farko, ba lungun da ya yi wa ajiya kaɗan. Na biyu, in kana so katako ya kama ɗan'uwansa kamun da ba saki, ka sassaƙe shi daidai tun yana busasshe, ka cusa, sannan ka ba shi ruwa ya sha ya kumbura.

Shekarar da suka iso, uwarsa da ƙunshinta a ka ta yi aikin hajji, don ba su san kowa ba, ba inda za su ajiye. Sabo ya ga wuyanta yana rawa a filin Arfa. Ba ta daɗe ba bayan nan. Tun daga ranar ya ɗaukar wa ransa cewa ba baƙon Allah da zai kawo masa ajiya ya ce masa babu wuri.

Lokacin da motoci suka fara ture raƙuma daga hanyar Jidda, ya samu aikin gyaran bodin katako a wani kamfanin ɗaukar alhazai. Wata rana ɗaya daga cikin motocin ta mutu a Kudai. Aka cire inji, aka kwashe tayoyi, aka ɗora ta a kan duwatsu. Babban ma'aikatan ya ce wa Sabo, cikin zolaya, in yana son gawar ya ɗauka. Sabo bai ɗauke ta ba, shiga ya yi.

To, a nan fa mutum ya ga aikin hannu. Bencinan fasinja ya mai da su akwatuna, ya yi musu murfi da maɗaurin robar taya. Ramin da inji ya bari ya shafe shi da katakon akwatin shayi, ya zama rumbu. Tankin mai ya yanke masa baki, ya ƙone shi da wuta har wari ya fita, ya koma ma'ajin hatsi. Ƙofofin ma bai ƙyale su ba: ya gano cikinsu fanko ne, ya yi musu aljihu. Ya ɗaga daɓen ya yi wani a ƙarƙashinsa, ya ɗaure raga a rufi, matakalar shiga ma in ka ja ta aljihun tebur ce. Maƙwabcinsa Tsoho, mai ɗibar wa mutane ruwa, yakan ce in ka daɗe a tsaye kusa da Sabo zai yi maka murfi.

Labari ya bazu a cikin alhazan da ke zuwa ta Sudan da Chadi. Mai tafiya Arfa, mai tafiya ziyara Madina, mai neman aiki a Jidda, kowa sai ya biyo ya bar kayansa a motar Sabo. Buta, tabarma, sirdin jaki, farin yadin da aka wanke da ruwan Zamzam don ranar da ba makawa. Ba ya rubutu, ba ya sa alama. Ya san fuska, ya san gurbi. Yawanci mutane sukan dawo, su karɓi nasu, su sa masa albarka, su wuce.

Amma ba duka ba, kuma nan ne abin da ya hana Sabo sukuni.

Ajiya iri biyu ce a motar nan. Akwai wadda za ka sa a gurbi ta zauna da sarari a gefe, ka iya zura hannu. Masu irin wannan suna dawowa. Akwai kuma gurbin da hannunsa kan yi ba da shawararsa ba. Yana cikin wani aiki daban sai ya ga ya bar wani rami mai siffar da ba ta yi kama da komai ba, faɗi nan, tsukuku can, tafin hannunsa kuma ya yi sanyi kamar ya taɓa randa. Ba a daɗewa sai wani ya yi sallama da kaya. In aka kai kayan bakin ramin sai su zame ciki da kansu, iska ta fito a hankali kamar ajiyar zuciya, ko farce ba zai shiga tsakani ba.

Na farko wani dattijo ne Bakatsine mai sanda lanƙwasasshiya. Sabo har ya yi murna da yadda ta zauna. Dattijon ya tafi Madina, shiru. Sai wata mata mai suna Baraka da dutsen niƙanta. Sai wani saurayi tela, Lurwanu, wanda ya ɗauko kan keken ɗinki tun daga Fallomi ta Chadi, ya ce zai je Jidda ya dawo kafin Juma'a. Kan keken ɗinki ba siffa ce da mutum zai yi wa gurbi da ka ba, amma ga gurbin yana jira tun kafin saurayin ya sauka daga jirgi. Da iskar nan ta fito, Sabo ya dubi fuskar Lurwanu, saurayin na ta dariya, ya ji kamar ya riƙe masa riga. Bai riƙe ba. Me zai ce masa?

Ya gwada dabara. Wani gurbi da ya ji sanyinsa, ya rufe shi da katako ya buga ƙusoshi. Kafin wani lokaci zafin rana ya tsage katakon, ƙusoshin suka ɗago kai, wani alhaji kuma da ya shigo ya hango ramin da kansa, ya ce, "Ga wuri ma," ya tura jakarsa kafin Sabo ya buɗe baki. Ya yi tunanin fasawa, amma kowane gurbi a motar nan jingine yake da ɗan'uwansa. In ka ɓalle ɗaya, amanar mutane ce za ta zubo. Daga nan ya fahimci cewa irin wannan rami, in ya buɗe baki, ba ya rufewa da yunwa.

Bai gaya wa kowa ba. Garin ba wurin da mutum zai tashi ya ce katakonsa ya san ajalin mutane ba ne. In an yi maka sauƙi a ce camfi, in ba a yi ba a ce sihiri, kuma wannan kalma ba a wasa da ita a Makka. Shi kansa yakan yi istigfari, ya ce hanya ce mai cin mutane, wani zazzaɓi, wani ƙishirwa, wani ya koma gida ta wata hanya ya manta da butarsa. Ya faɗa wa kansa haka, amma bai yarda ba.

Kayan waɗanda ba su dawo ba kuwa suna nan, don amana ba a zubarwa, ba a sayarwa, ba a ba wani. Kowace shekara sabbin alhazai na zuwa, dole a ƙirƙiro sabon wuri. Bango ya yi ta kauri, rufi ya yi ta saukowa. Motar da a da ake shimfiɗa tabarma biyu a ciki ta koma wani siririn lungu da sai mutum ya karkace zai wuce. Da tsakar rana, in zafi ya kai inda ya kai, katakon yakan yi ƙara nan da can, ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasawa daga ciki. Ƙamshin gidajen da ba a sani ba yakan taso, daddawa, man shanu, hayaƙin wani murhu mai nisa. Rabi'atu ta taɓa rantsewa ta ji keken ɗinkin nan ya yi taku biyu-uku ya tsaya. Sabo ya ce ɓera ne.

Ita Rabi'atu a unguwar Misfala aka haife ta, uwarta mai soya gyaɗa ce, Hausarta rabi Larabci. Mace ce mai fara'a da saurin baki, ta aure shi tun motar tana da sarari. Duk abin da ta mallaka ƙunshi ɗaya ne: 'yar tasar tagulla ta uwarta, tandun kwalli, zane biyu na fita, da nata farin yadin. Ƙunshin nan bai taɓa samun wurin zama ba. Da safe yana kan ƙusa, da rana yana kan sitiyari, in za a kwanta ta yi matashi da shi. In Sabo ya buƙaci ƙusar, ta ɗauke.

"Malam," takan ce, "dutsen niƙan Baraka yana da ɗaki a gidan nan. Sandar wani tsoho tana da ɗaki. Ni da nake dafa maka, ma fi, babu?"

"Zan duba."

"Tun ina da haƙoran gaba duka kake dubawa. Haram alaik, wallahi."

Tana faɗa tana dariya, amma abin yana cin ta, shi ma ya sani. A ganinta mijinta ya yi wa duk duniya wuri ban da ita. Shi kuwa duk lokacin da idonsa ya kai kan ƙunshin sai ya kau da kai da sauri, don kada hannunsa ya haddace siffarsa. Ya fi son ta ga rowarsa da ya ji wannan iska ta fito a kan kayanta. Tsoron da yake kwana da shi yake tashi da shi ke nan, kuma ba shi da wanda zai raba da shi.

Wata safiya bayan alhazai sun watse, ya ga katakon da ke ƙarƙashin sitiyari ya ruɓe. Ya tsuguna ya cire, ya sa sabo, ya tokare shi da wani. Aiki ne na ɗan lokaci. Da ya ja baya ya duba, sai ga rami tsakanin kujerar direba da bango, mai faɗi a gindi, tsukakke a sama, da wani ɗan kumburi a gefe kamar inda bakin tasa zai zauna. Tafin hannunsa ya yi sanyi har gwiwar hannu.

Ya lalubi gwangwanin ƙusa, babu ko ɗaya. Ya san ƙusa ba ta hanawa, amma tana jinkirtawa, kuma jinkiri yake nema. Rabi'atu tana waje tana wanke hatsi, ta ba motar baya. Ya jefa tsohon buhu a kan ramin, ya ce mata zai je kasuwar Misfala ya dawo. Bai ce kada ta taɓa buhun ba, don ya san halinta, in ya faɗa shi ne za ta taɓa. Ya manta cewa mace mai share ɗakinta ba ta barin buhu a yashe.

Ya dawo rana na tsaka, ƙusoshi a hannu. Unguwar ta yi tsit, ko akuya ba ta motsi. Tun daga nesa ya hango ta a bakin ƙofa, ta sa kwalli, ta ɗaura zanen fita, tana murmushin da ya daɗe bai gani ba.

"Ashe kai ma ka iya ɓoye abu," ta ce. "Har da rufewa da buhu! Malam, kamar ka auna. Ina kai ƙunshina bakinsa ya shige da kansa, har wata iska ta fito."

Ƙusoshin suka zube a ƙasa. Ya ture ta ya shiga, ya durƙusa, ya kama kunnen ƙunshin ya ja. Ya ƙi. Ya kafa ƙafa a kujera ya ja da duk ƙarfinsa, zanen ya yage, ƙunshin ya fito, tasar ta gangara tana ƙara har bakin matakala.

"Esh hada? Mene ne haka?" ta ce. "Abin da ka ba ni da safe shi za ka ƙwace da rana?"

A nan ya gaya mata, yana zaune a daɓe, bai dube ta ba. Dattijo mai sanda, Baraka, Lurwanu, alhajin da ya tura jakarsa da kansa, da sauran. Ya nuna mata gurabensu ɗaya bayan ɗaya. Tana ji, katakon na ƙwas, ƙwas a kansu.

Ta bari ya gama. Sannan ta ce, "Astagfirullah. Rai a hannun Allah yake, ba a hannun katako ba." Ta ɗauki tasar ta goge da bakin zane. "To ko da gaskiya ne, Malam, ka mayar. Ni dai yau na ji daɗin da ban taɓa ji ba a motar nan. Halas, ka bar mini wurina."

"Ba zan bar miki ba."

"Shekara da shekaru ina cewa ba ka damu da ni ba."

"Na sani."

Ta fashe da kuka, shi kuma ya rasa inda zai sa hannunsa. Ramin yana nan a gabansu, baki buɗe. Sabo ya san ba zai zauna haka ba. In bai ci nata yau ba zai ci gobe, ranar da ta gaji, ko ta yi fushi, ko ta ga ai maganar banza ce. Ya san matarsa.

Da la'asar ya ce ta je ta gaida innarta a Misfala, ta huce. Ta rungumi ƙunshinta ta tafi. Ya bi ta da kallo har duwatsu suka rufe ta.

Ya ɗauko kayan aikinsa, waɗanda ya tsallako teku da su: zarto, gizago, hama, magagari. Ya naɗe su a fatarsu ya kai bakin ramin. Ba su shiga ba, ai ba don su aka yi shi ba. Duk rayuwarsa wuri yake yi wa kaya, ran nan ya juya aikin. Ya rage ƙotar gizago. Ya yanke hannun zarto, wanda tafinsa ya lashe har ya yi sheƙi. Ya goge kan hama. Ya sassaƙa 'yan guntayen busasshen katako ya cike inda bakin tasa zai zauna. Ya gwada, ya fitar, ya ƙara gogewa, ya sake gwadawa. Can sai naɗin ya zame daga hannunsa ya shige, iska ta fito a hankali ta taɓa masa fuska.

Ya ɗebo ruwa a buta ya tsiyaya a kan katakon, kaɗan-kaɗan, yana jira ya sha, yana ƙarawa. Sannan ya ɗora murfi a kai. Abin mamaki, sai ya ji tafin hannunsa ya yi ɗumi, ƙirjinsa ya yi sakayau. Da wuƙar girki ya fere wani reshen magarya, ya kafa shi a saman ƙofa inda iska ke shigowa. Da Rabi'atu ta dawo ya nuna mata, ya ce wannan maratayin nata ne, ba mai cewa ta ɗauke. Ta dubi murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, ta ga a rufe, ta ɗauka ƙusa ya buga. Ta rataye ƙunshin ba ta yi godiya ba.

Washegari ya karya kumallo, ya sa hula zai tafi wurin aiki kamar kullum. Har ya sauka matakala ta leƙo.

"Malam, kayan aikinka fa?"

"Suna wurinsu," ya ce.

Ya tsaya ya dube ta, ya dubi maratayin da ke saman kanta, ya juya ya bi hanya. Tsoho mai ruwa ya gamu da shi a kwanar duwatsu, suka gaisa. Ya ce bai taɓa ganin Sabo yana tafiya hannu sake ba sai ran nan.

Sauran labarin daga bakin Rabi'atu aka ji shi, bayan ta tsufa a gidan 'yan'uwanta a unguwar Utaibiyya, gida mai kabad a kowane ɗaki, inda har ta rasu ƙunshinta a rataye yake a ƙusa. Ta ce a kamfani ba su gan shi ba. Aka duba asibiti, aka tambayi masu wankan gawa, aka aika Jidda. Ba wanda ya ga mai kama da shi. Tana zaune a motar da tsakar rana, katako na ta ƙwas, ƙwas, sai maganarsa ta dawo mata. Suna wurinsu. Ta rarrafa ƙarƙashin sitiyari ta taɓa murfin, ta ji ba ƙusa ko ɗaya.

Ta ɗaga. Ga fatar kayan aikinsa, ga kan ƙotar gizago da sabon yanka, fari fat. Ta kama ta ja, ta ja har farcenta ya karye. Ta kira Tsoho ya zo ya gwada da ƙarfe, ƙarfen ya lanƙwashe. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, ya kama kamun da ba saki. Tsoho ya share gumi, ya girgiza kai, ya ce shi dai a duk aikin Sabo bai ga wanda ya zauna kamar wannan ba.

Rabi'atu ta ce ta sani. Ta ce ai don kada ta iya cirewa ya yi shi haka.